Kwamin ninkayar gidan Kawu: shekara takwas a yashe, wata takwas ana gyara

Ana saura kwana uku Babbar Sallar 2023, a ƙarshen watan Yuni, ragon layyar Hajiya, uwar gidan, ya tsinke igiya cikin dare ya faɗa kwamin ninkayar da ke bayan gida. Ba wanda ya ji kukansa, domin ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye aka same shi a ciki ya mutu, guntun igiyar na wuyansa. Ni aka fara kira, saboda daga Aboabo inda nake zuwa gidan a Asokore Mampong, duk a yankin Kumasi ta ƙasar Ghana, ba wata tafiya ba ce. Na tarar da Hajiya zaune a bakin ƙofar kicin, ta tara jikokinta uku a gabanta ta hana su motsi. Ban gama gaishe ta ba ta ce, "Ɗan nan, ba ragon nake ji ba. Yau rago ne. Gobe fa?"

Daga wannan safiya har ranar da yara suka fara shiga ruwan, wata takwas aka yi, kuma ni na riƙe kuɗin aikin da littafinsa. Tun da muka gama, mutum uku sun tare ni suna tambayar yadda aka yi, kowannensu da irin wannan rami a gidan gado ko a gidan ɗan'uwan da ke Turai. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: wane magani ake zubawa ruwan ya washe? Ni ma da wannan tambayar na fara, kuma ita ce ta kusa jawo mana asarar kwamin gaba ɗaya.

Gidan da yadda kwamin ya mutu

Marigayi Kawu, yayan mahaifiyata, fataucin goro da shanu ya yi har Allah ya buɗa masa. Ya gina gidan a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wannan gefen na Kumasi filaye sun fi gidaje yawa. Manyan 'ya'yansa biyu suna Hambug ta ƙasar Jamus, irin waɗanda a nan ake ce wa 'yan boga, kuma saboda jikokin da za su riƙa zuwa hutu ya sa aka haƙa kwamin. Tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfinsa ya fara daga mita 1.1 ya gangara zuwa 1.9, wato yana cin ruwa lita 48,000. Kankare ne da rodi, an manne cikinsa da ƙananan tayil shuɗaye, ga ɗan ɗakin inji a kusurwa, ga bishiyar mangwaro da Kawu ya dasa da hannunsa taku shida daga bakin ruwan.

A 2015, lokacin da ɗauke wutar nan da ake kira dumso ta kai maƙura, injin ya ƙone. Wuta ta riƙa dawowa rabi-rabi, injin na gurnani ba ya juyawa, har kwayil ɗinsa ya soye. A lokacin Kawu na kwance, hankalin kowa na asibiti. Mutumin da ke zuwa duba ruwan sau biyu a mako ya ga ba inji ba albashi, ya daina zuwa. Bayan rasuwar Kawu kuma gado ya tsaya, tunda magada na warwatse. Dukiyar da ba a raba ba kowa na da haƙƙi a cikinta, amma ba mai sa hannu a aljihu dominta.

Abin da na gani da na leƙa a wannan safiya: saman ruwan kore shar da gansakuka, ƙasansa baƙi ƙirin. Na tsoma gora, kafin ta taɓa kankare sai da ta ratsa laka wajen taƙi biyu, ruɓaɓɓen ganyen mangwaro na shekara takwas. Kwaɗi sun yi gida a kan matakala, talibambam kamar an watsa baƙin wake, a kusurwoyi kuma tsutsar sauro ce ke ta wutsil-wutsil. A zafi irin namu ƙwan sauro kwana bakwai zuwa goma yake yi ya zama sauro mai cizo, ke nan duk mako gidan na yaye sabuwar runduna, maƙwabta ma na samun rabonsu. Duba-gari, waɗanda a nan muke ce wa tankas, da sun shigo bayan gidan da sammaci ya hau kan Hajiya.

Shawara uku

Bayan Sallah aka yi taron dangi ta WhatsApp. Ni ra'ayina a cike ramin da ƙasa a huta. Da aka bincika sai aka ga cikewar ma aiki ce babba: dole a farfasa gindin kankaren don ruwan sama ya sami wurin tsiyayewa, in ba haka ba kwano ne ka cika da taɓo. Tifa kuma ba ta iya kaiwa bayan gidan, sai dai a bi da baro ta wani lungu mai faɗin mita ɗaya, sawu wajen ɗari bakwai. Autan gidan ya kawo shawarar a zuba tarwada a riƙa sayarwa. Hajiya ta ce ƙarnin ruwan kifi a ƙarƙashin tagar ɗakinta ba za ta iya ba, kuma ko an sa kifi rami na nan rami. Na Jamus kuwa gyara suke so, don abin mahaifinsu ne, kuma gidan zai fi daraja ranar rabo. Suka ce su za su biya.

Na amince da sharaɗi ɗaya, wanda har yau ina kansa: a rubuta wanda zai riƙa biyan wuta da magani kowane wata, da wanda zai riƙa duba ruwan kowace safiya, kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya. Kwamin ninkaya kamar doki yake, sayensa ba ya kai ciyar da shi wuya. Wanda ya san ba zai iya ciyarwa ba, ya cike nasa, ba abin kunya ba ne. Maganar kuɗi ma ta sha mana kai, don hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a ƙarshen 2022, kuma a tsakiyar 2023 farashin da mai kanti ya faɗa maka yau ba ya kai mako biyu. Muka yanke cewa za a riƙa sayen kaya mataki-mataki, ana turo kuɗin kowane mataki da lokacinsa.

Ranar da aka hana ni kwashe ruwan

Wanda ya yi mana aikin ɗan unguwarmu ne da ya shekara da shekaru yana kula da kwamin otal-otal a Accra kafin ya dawo gida. Masta muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai sana'ar da ya yaye yara. Ranar da ya fara zuwa na riga na yi hayar injin jan ruwa, yana ajiye a tsakar gida. Ya dubi injin, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce yau za mu kwashe ƙazantar nan mu ga abin da ke ƙasa. Ya ce in ba shi awa biyu da shebur tukuna.

Yaransa suka haƙa ɗan rami taku biyu daga bangon kwamin, ta wajen zurfi. Ba su kai santimita 70 ba ruwa ya fara tsattsafowa, kafin la'asar ramin ya zama 'yar rijiya. Masta ya aika aka kawo masa ƙwarya da baho cike da ruwa. Ya miƙa mini ƙwaryar ya ce in danna ta cikin bahon ba tare da ruwa ya shiga cikinta ba. Na danna, ta yi ta turo hannuna sama. Ya cika ta da ruwa, ta zauna lum. Ya ce, "To, kwamin nan ƙwarya ne, ƙasar gidan nan kuma baho ce. Nauyin ruwan da kake ƙyama shi ya danne shi shekara takwas."

Lissafin ba wuya. Gindin kwamin murabba'in mita 32 ne. Duk mita ɗaya da ruwan ƙasa ya hau sama da gindin, yana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin tan ɗaya, wato tan 32 gaba ɗaya. Kankaren kansa, bango da daɓe, bai wuce tan talatin da 'yan kai ba. A wajen zurfi kuwa ruwan ƙasar ya haura gindin da fiye da mita guda. Da na kwashe ruwan a ranar, ko dai kwamin ya ɗaga ta gefe ɗaya ya tsinke duk bututun da ke jikinsa, ko daɓen ya tsage gida biyu, kuma kwamin da ya ɗaga ba ya komawa mazauninsa. Kumasi damina biyu gare ta, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, saboda haka Masta ya ce sai Janairu, lokacin da hunturu ya shanye ƙasa. Ya sa aka zurfafa ramin gwajin ya wuce mita biyu, aka saka bututu mai huda-huda a tsaye, aka yi masa murfi, don mu riƙa auna ruwan ƙasa da sanda duk Juma'a.

Na mayar da injin haya, na yi asarar kuɗin yini ɗaya. Sai ga matsalar da ta fi: yaya zan gaya wa Hajiya cewa ramin da ya ci ragonta zai ƙara wata shida da ruwansa?

Shinge

Na same ta bayan Magariba na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ruwan ba zai fita yanzu ba, amma gobe mai walda zai zo." Ta ce in dai jikokinta ba za su iya kaiwa bakinsa ba, ya shekara ma.

Wannan ne aikin farko da muka kashe wa kuɗi, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a duk wata takwas ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro in zai nutse ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda mutane ke zato. Shiru yake tafiya, cikin 'yan mintocin da uwa ta juya ta sauke tukunya. Katangar gida tana tsare yaran waje ne kawai, na cikin gida kuwa daga ƙofar kicin sai ruwa. Don haka shingen ya zagaye kwamin ta fuska huɗu, ya raba shi da gidan kansa. Tsayinsa mita 1.2, sandunan a tsaye, tsakaninsu bai kai santimita 10 ba don kan yaro kada ya shige, kuma ba a sa ƙarfen kwance a tsakiya da zai zama matakala ba. Mai waldar ya so ya yi masa ado da lanƙwashe-lanƙwashe, Masta ya hana, ya ce duk adon nan wurin sa ƙafa ne. Ƙofar waje take buɗewa, tana da sifirin da ke mayar da ita da kanta, sakatar na can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Aka kwashe kujeru da bokitai da tukwanen fulawa daga kusa da shingen, don ɗan shekara uku ya san ya jawo kujera.

Saura sauro. Wani maƙwabci ya ce a zuba baƙin mai, a cewarsa haka ake yi wa kwata. Baƙin mai zai kashe tsutsar, amma zai shige cikin simintin da ke tsakanin tayil ya ƙi fita, ranar kwashewa kuma ya bi lambatu ya shiga rafi. Kulorin ma, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ɓarnar kuɗi ce a ruwa mai laka taƙi biyu, lakar za ta cinye shi cikin dare ɗaya. Abin da muka yi shi ne kwashe ganye da gansakukar sama da raga, aka zuba 'ya'yan karfasa. Cikin mako uku na ɗebi ruwa a kusurwa da farin kofi ban ga tsutsa ko ɗaya ba.

A watannin jiran ne Masta ya nuna mini wani abu da na yi ta kallo ban gani ba. Duk ruwan saman da Kumasi ke samu, kwamin bai taɓa cika ya tumbatsa ba. Ko an kwana ana ruwa, bayan kwana biyu zai koma daidai wani layin datti da ya zagaye bangon, dab da ƙasan fitilar cikin ruwa. Ya ce ruwa ba ya tsami banza: in kwami na yoyo, ruwan zai yi ta sauka har ya kai bakin hudar, nan zai tsaya. Ke nan layin dattin ya riga ya nuna mana inda ciwon yake, tun ba mu kwashe ko bokiti ɗaya ba.

Janairu

A mako na biyu na Janairun 2024 sandar awo ta fito a bushe har ƙasan bututun. Aka kama kifin aka raba wa maƙwabta, aka kunna inji. Kwana biyu muka yi muna sakin ruwan a hankali ta babban lambatun titi, don kada ya malale gidan mutane. Lakar kuwa shebur da baro, yaran Masta sanye da dogayen takalman roba da safar hannu saboda fasassun kwalabe, aka jibge ta a ƙarshen lambu ta zama taki. A cikinta aka tsinci ƙwallo huɗu, da cokula, da wayar hannu, da silifas ɗin yaro ƙafa ɗaya, ja, wanda bai fi tafin hannuna ba. Aka ɗauraye shi aka kai wa Hajiya. Ta juya shi ta ce na jikarta ce ta tsakiya, ya ɓace tun yarinyar na shekara biyu, an yi ta nema a ɗaki. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta shiga da shi ciki.

Da aka wanke bangon, abin da Masta ya faɗa ya tabbata. Bututun da wayar fitila ke bi ya tsage a bayan fitilar, nan ne yoyon. Sannan ya toshe bakin kowane bututu ya hura masa matsi yana kallon agogo: biyu sun riƙe, na ukun, wanda ke jan ruwan sama zuwa inji, allurar ta faɗi nan take. Aka tona, aka tarar saiwar mangwaro mai kaurin damtse ta murƙushe shi. Na Jamus suka ce a sare bishiyar, Hajiya ta ce ba a gabanta ba. Aka datse saiwar, aka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya tsakanin bishiyar da kwamin aka zuba kankare ya zama shamaki, aka rage rassan da suka yi rumfa a kan ruwan.

Tayil kuwa ɗaya bayan ɗaya aka bi su ana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba. Mai lafiya ƙararsa a cike take, wanda ya saki kuma sai ka ji kamar ganga. Wajen kashi ɗaya cikin biyar aka ɓamɓare. A wuri uku tsatsa ta ɓullo ta jikin kankare, alamar ruwa ya kai ga rodi. Aka sassaƙe har sai da aka ga ƙarfe mai haske, aka goge, aka shafe shi da maganin tsatsa, aka cike da simintin da ba ya shan ruwa. Sauran dattin da ya ƙi buroshi aka wanke da asid mai rauni. Nan na ga Masta ya daka wa yaronsa tsawar da ban taɓa jin ya yi ba, don yaron ya ɗauki ruwa zai zuba a jarkar asid. Asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, a fili inda iska ke kaɗawa.

A magudanar gindi an sami abu biyu. Akwai ɗan bawul da aka yi domin ya bar ruwan ƙasa ya shigo in matsinsa ya yi yawa, maimakon ya ɗaga kwamin. Namu ya daskare da tsatsa, da na dogara da shi a Yuli da bai buɗe ba. Murfin magudanar kuma ya fashe. Buɗaɗɗiyar magudana in inji na ja tana iya riƙe cikin yaro ko gashinsa a ƙasan ruwa, babba ma ya kasa ɓamɓaro shi. A Amurka sai da aka kafa doka a 2007 kan irin wannan murfi, bayan magudana ta riƙe wata yarinya 'yar shekara bakwai har ta rasu. Muka sa sabon murfi mai tudu, aka ɗaure shi da sukurori marasa tsatsa.

Injin muka kai Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, aka sake naɗa kwayil, aka canza boris da kafasita da robar da ke hana ruwa shiga, muka haɗa masa na'urar da ke kashe shi in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama. Yashin matata ya dunƙule kamar dutse, sai da kurfi aka fasa shi. An ba mu shawarar yashin rafi don sauƙi, amma matata yashinta daban ne, tacacce mai ƙwaya tsakanin milimita 0.4 da 0.8, shi muka saya. Wuta kuwa mun kira mai takardar shaidar Hukumar Makamashi, kamar yadda dokar haɗa wayar wuta ta 2011 ta tanada. Ya tarar tsohuwar fitilar kai tsaye take shan bolt 230 a cikin ruwa. Ya cire ta ya sa mai bolt 12 da taransifoma a ɗakin inji, ya kafa sabon ƙarfen ƙasa, ya sa makatsar da ke yanke wuta da zarar miliamfa 30 ta zurare.

Kuskuren da na yi

Ranar cikawa Masta ya tafi jana'iza Tamale. Ya ce in jira shi, ko in sayi ruwan tanka daga wanda aka tace na madatsar ruwa ta Barekese ko ta Owabi. Na duba littafi na ga kuɗi sun ja baya, ga rijiyar burtsatse a gidan, ruwanta garau kamar hawaye. Na sa tiyo. Kwana biyu da yini ya cika, shuɗin tayil ya fito, Hajiya ta fito ta tsaya a bakin shinge tana ta sa albarka. Da Magariba na auna garin kulorin na narka na zuba.

Da Asuba ruwan ya koma kalar shayin da ba madara. Na tsaya ina kallonsa gabana na faɗuwa, don na ɗauka wani abu ya fashe a ƙasa. Na kira Masta, tambayarsa ta farko ita ce, "Ruwan ina ka sa?" Ruwan burtsatse da yawa a yankin nan yana ɗauke da narkakken ƙarfe wanda ido ba ya gani. Da kulorin ya taɓa shi sai ya zama tsatsa nan take. Ya ce da na ɗebi ruwan a farin bokiti na barbaɗa ɗan kulorin na jira awa ɗaya, da bokitin ya gaya mini.

Da ya dawo, alif ya yi mana magani, irin wanda iyayenmu ke jefawa a randa in ruwa ya gurɓace. Aka narka shi aka watsa, aka bar inji ya gauraya na awa biyu, aka kashe, aka bar ruwan ya kwana biyu ba motsi. Tsatsar ta dunƙule ta kwanta a ƙasa kamar jan bargo. Aka zuƙe ta sannu a hankali ana zubarwa waje ba tare da ta bi ta matata ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ya tafi tare da ita. Tankar da na guje wa sai da na saya, ga kuɗin alif, ga mako guda da ya salwanta. Yanzu in za a ƙara ruwa daga burtsatse, sai an fara tara shi a tankin roba, a sa masa kulorin, ya kwana biyu, a ɗebi na sama.

Da ruwa ya daidaita muka yi gwajin bokiti: a cika bokiti a ɗora a kan matakala, a yi alama a cikinsa da kuma a bangon kwami, a dawo bayan awa 24, rana ɗaya inji a kashe, rana ɗaya a kunne. Iskar hunturu ta sha wajen milimita 5 a kowanne, wato lita 160 a faɗin kwamin, amma bokiti da kwami tare suka sauka. Yoyo ya toshe.

Ciyarwa

Abin da ake nema a ruwan ba shi da yawa: kulorin tsakanin miligiram 1 da 3 a kowace lita, ma'aunin tsami na pH tsakanin 7.2 da 7.6, don in ya haura haka kulorin na nan amma ƙarfinsa ya ragu. A lita 48,000, giram 75 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 yana ɗaga awon da miligiram ɗaya. In ruwa ya fara kore bayan babban ruwan sama, giram 750 ake zubawa a tashi ɗaya a hana kowa shiga sai ya sauko. Rana tana cinye kulorin cikin 'yan awoyi, shi ya sa da Magariba ake sawa, tare da sinadarin da ke kare shi daga rana, wanda ake riƙewa tsakanin miligiram 30 da 50 a kowace lita. Kulorin da asid ba sa kwana ɗaki ɗaya, ba a ɗibarsu da ludayi ɗaya, haka ma garin kulorin da na ƙwaya, don haɗuwarsu na tayar da iska mai guba ko wuta. Asid na ɗakin inji, kulorin na wani akwati a rumfar mota, kowanne a kulle.

Injin na tura lita 8,000 a awa, cikin awa shida ruwan duka ya ratsa matata sau ɗaya. Awa takwas muke ba shi a rana, abin da ke cin wajen yunit 200 a mitar kati kowane wata. Wannan kuɗi da na magani babban ɗan Kawu ke turowa ranar ɗaya ga wata, a rubuce yake da sa hannun magada duka. Duba ruwan kuma autan gidan ne, ɗan shekara sha tara, wanda Masta ya koya wa na mako shida, ana ba shi ɗan abin sabulu daga cikin kuɗin. Bayan ya dawo daga Asuba zai kwashe ganye, ya zazzage kwando, ya ɗiga magani a kwalbar gwaji ya duba kala, ya dubi agogon matata, ya rubuta a littafi. Minti goma sha biyar ne. Ranar da na tambaye shi ko ya gaji, ya ce, "Yaya, kwana biyu na yi zazzaɓi ban duba ba, na uku bangon ya fara santsi."

Hajiya ce ta tsara lokuta. Safiyar Asabar da Lahadi na mata da 'yan mata ne, aka ƙara tsayin katangar gabas da zana saboda benen maƙwabci. Yaro ba ya shiga sai da babba a tsaye a cikin shinge, wayarsa a ajiye. Jikokin uku sun koyi iyo a wajen wani malami da ya riƙa zuwa har wata biyu. Ita kanta Hajiya takan shiga wajen da ba zurfi da doguwar riga, ta riƙe bakin tayil ta yi ta takawa, ta ce gwiwoyinta sun fi sauƙi a cikin ruwa.

A Yunin 2024 ruwan ƙasa ya sake hawowa a bututun gwaji har santimita 80 daga sama, kwamin na cike bai motsa ba. Jan tabon tsatsar da na jawo yana nan a simintin matakala ta biyu, sai ranin da za a rage ruwa za a kankare shi, bangon arewa ma akwai layin tayil da Masta ya ce a sake bi. Sifirin ƙofar shinge sau biyu muka canza shi, damina na cinye shi da tsatsa. Na ukun yana cikin durowar Hajiya a ledarsa, ita ta ce a saya a ajiye tun wanda ke jiki bai saki ba.